Akwatin Kifin Surukina

Ɗaukar ruwan nan ya ci mini kafaɗa, ba zan ɓoye ba. Garwa biyu a sanda, daga bakin kogi zuwa gidan surukina, kuma hanyar hawa ce duk tsawonta. Rani da damina, tun gemuna yana baƙi har ya yi furfura. Ba ruwan sha ba ne, ba na alwala ba, ba na girki ba. Ruwan kifi ne. Mutum ya wuni a gonar dawa, ya dawo ƙafa duk faso, bai ko zauna ba a aiko masa cewa ruwan kifi ya tsufa. Duk wanda ya ce ba wahala, bai ɗauka ba ne.

To, mai kifin ya rasu. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma, da mai aike da ɗan aike. Ya cika da hantsi a kan gadonsa na igiya, a ƙarƙashin rumfar da ke ƙofar ɗakin Inna, fuskarsa tana duban akwatin gilashin da ya yi shekaru yana kiwon karfasa a ciki.

Ba zan faɗi sunansa ba. Uban matata ne. Bakina bai furta sunan ba yana raye, ba zai fara yanzu ba. Baba nake ce masa, matarsa kuma Inna. Abin da ya sa na zauna rubutun nan, alhali ba gwaninsa ba ne ni, jikokinsa sun taso Larabci ya fi zama a bakinsu, kuma abin da suka riƙe game da shi bai wuce tsoho mai kifi a gilashi ba. In sun faɗa sai su yi dariya. Ina so su san wanda suke yi wa dariyar.

An taru ƙwarai. An zo daga Mai Wurno, an zo daga Sinnar, mota guda ta cika daga Abu Hujar, har dangin Inna na Dindir sun iso washegari da ƙura a gira. Maƙwabtanmu Larabawa suka zo, kowa ya ɗaga hannu a yi fatiha, ya ce albarka tana cikinmu, irin ta'aziyyarsu, ya zauna a ba shi shayi. Kowa da abin da ya faɗa. Wani ya ce bai taɓa jin Baba ya ɗaga murya ba, wanda ya nuna bai san shi ba. Wani malami ya ce mutumin kirki ne, mai salla cikin jam'i tun ƙafarsa tana kai shi, sai dai abin nan, ya yi shiru, kowa ya gane abin da yake nufi. Masunta suka zo a ƙarshe, suka zauna can gefen tabarma saboda ƙarnin da ke jikinsu. Babbansu, wani tsoho mai ido ɗaya, ya ce yanzu sun huta, babu mai zuwa bakin ruwa da asuba ya raina musu kamu. Yana faɗa yana dariya, sai ya ja rawaninsa ya rufe fuska, ya daɗe bai buɗe ba.

Baba bai bar ɗa namiji ba. Matata ce kaɗai ta rayu cikin 'ya'yansa. Don haka maganar gida ta koma hannun ƙanensa, wanda muke kira Baffa, mai sayar da riɗi a Sinnar. Ranar da aka binne shi, ƙasar kabari ba ta bar hannunmu ba, Baffa ya ja ni gefe ya ce ranar sadakar uku, da an naɗe tabarmar makoki, in zubar da ruwan nan, in fitar da akwatin daga gidan. Ya ce an yi wa gidansu dariya ta isa.

Na ce to. Mijin ɗiya ba shi da a'a a gidan surukai. Kafaɗata ta yi murna, ƙirjina bai yi ba. Haka na zauna makokin, ina raba shayi, rabina yana so a zubar, rabina yana jin kamar za a sake binne tsohon.

Asalinsu mutanen Kabi ne, masunta. Ubansu ya taso da iyali a ƙafa zai je Makka, ya iso wannan kogin, ya ga karfasa tana tsalle da yamma, ya ce bari ya huta damina ɗaya. Nan aka binne shi. Baba a cikin jirgin ruwa ya girma. Waɗanda suka gan shi da ƙarfinsa sun ce in ya jefa birgi, ragar takan buɗe ta zagaye kamar faifai kafin ta taɓa ruwa. Ni ban ga wannan sosai ba. Ina auren ɗiyarsa ba da daɗewa ba ciwon gwiwa ya zaunar da shi, wajen lokacin da Turawa ke haɗa kayansu. Ya zama mutum mai wuyar zama. Tuwo ya yi tauri, shayi ya yi sanyi, kaji sun cika kuka. Daga inda yake zaune yana jin ƙamshin kogi, ba ya ganinsa.

Na kai shi asibiti a Sinnar cikin mota. Muna fitowa muka bi ta gaban kantin wani hawaja, wato Bature, mutumin Girka, sai Baba ya tsaya cak, ya dogara sanda. Akwai akwatin gilashi a kan tebur, cike da ruwa, da wasu jajayen kifaye masu jela kamar tsumma. Ya tsaya har hawajan ya leƙo ya tambaya ko za mu sayi wani abu. A hanyar dawowa, da muka hango bishiyoyin garinmu, ya yi magana.

"Kihin can bai san kogi ba," ya ce. "Amma akwatin, da hankali anka yi shi."

Ban san wahalata ce ta fara ba.

Gilashin daga wata mota ya fito, wadda ta faɗa kwari da buhunan gawayi. Maƙeri ya yi masa ƙarfe a gefe-gefe, Baba yana zaune a kansa yana gyara masa aiki har maƙerin ya rantse ba zai ƙara karɓar aikin masunci ba. Aka liƙe da kwalta. Na farko ya yi yoyo. Na biyu ya fashe da tsakar rana, ruwan ya gangara ya kashe wa Inna murhu tana tsakiyar yin kisra, siririyar wainar dawa da ake ci a nan. Ranar duk unguwa sun ji muryarta. Ta ce mazan mutane kifi suke kawowa a sa a tukunya, nata mijin ɗaki yake gina wa kifi. Ta ce saura ya yi musu lefe. Baba ya jira ta gama, ya ce mata wannan shawara ce mai kyau.

Na uku ya riƙe ruwa, amma kifayen da aka fara sakawa ba su kwana da yawa ba, warin kwalta ya kashe su. Baba bai ci abinci ba ranar. Daga nan ya sa na riƙa cika akwatin ina zubarwa, ina cikawa ina zubarwa, babu kifi ko ɗaya a ciki, shi kuma yana ɗiba da ludayi yana ɗanɗanawa da harshe, yana tofarwa. Mutane suka fara kirana ɗan ga-ruwan aljanu. Sai da harshensa ya daina jin ɗaci ya yarda. A nan ya fara faɗin maganar da na ji har na gaji da ita: ruwa ake kiwo, ba kifi ba.

Yana da dokoki, kuma duka a kaina suke sauka. Ruwan rijiya bai yarda ba. Ruwan bakin gaɓa inda mata ke wanki bai yarda ba, sai na shiga har gwiwa na ɗebo inda ruwa ke tafiya. Ba a zuba shi ranar da aka ɗebo, sai ya kwana a randa ya kwanta. Lokacin damira, in kogi ya cika ya yi ja da lakar Habasha, sai ya daɗe a randa kafin ya yarda da shi, kuma ba a sa masa alif ɗin da mata ke tace ruwan sha da shi. Ba a canza ruwan akwati duka, sai a rage kaɗan a ƙara kaɗan, wai kifi ba ya son ya farka ya ga garinsu ya zama wani gari. Da zafi a lulluɓe gilashin da jiƙaƙƙen buhu. In ya ga kifayen sun taso sama suna haki, sai ya ɗauki ludayi ya riƙa ɗiba yana kwararowa daga sama, ruwan yana kumfa, har su koma ƙasa. Wannan ƙarar ludayin ita ce ƙarar gidan. Daga zaure kana jin ta.

A ƙasan akwatin akwai yashi, da duwatsun kogi, da ciyawar ruwa, da fasassun tuluna da ya jera. Ya ce karfasa namiji mai faɗa ne, in ba ka ba kowa ɗakinsa ba za su yage juna. Abinci kuwa ɗan tsunkule ne na dusa, wani lokaci gara ko tana. Abin da ba su cinye nan take ba, da kansa yake tsamewa. Yakan ce yunwa ba ta kashe kifi, ƙoshi ne ke kashe shi.

Sayen kifin shi ne abin kallo. Nakan ɗora shi a jaki da asuba mu sauka bakin ruwa, ni da ƙwarya a hannu. Mutumin da ya koya wa rabin masuntan nan jifa, ga shi ya zo sayen 'yan karfasa da ba su kai tsawon yatsa ba. Su suna ce mata bulti, irin na Larabawa, shi bai taɓa barin karfasa ba. Ba ya karɓar wadda ƙugiya ta kama. Ba ya karɓar wadda ta kwana a raga, ya ce wuyanta ya riga ya ji ciwo ko ba ka gani ba. Sai ta birgi, wadda aka juye cikin ruwa nan take. A zuba masa su a ƙwarya, ya sunkuya, ya yi ta kallo. Ido ya zama garau. Ƙayar baya a miƙe, ba a kwance ba. Jiki babu fari-fari kamar auduga, babu ɓawon da ya tashi. Numfashi a natse. Ya kaɗa yatsa a bakin ƙwarya, wadda ta zabura ita yake so, wadda ta tsaya a gefe tana lilo ya ce a mayar wa kogi abinsa. Ya jefa ɗan ƙwayar dusa, wadda ta kawo baki ta ci, ta shiga. Bai taɓa taɓa su da busasshen hannu ba.

Tsohon nan mai ido ɗaya shi ne abokin tsokanarsa. Wata rana ya gaji da jira ya ce, "Mai kihi, wagga ma sai ka duba haƙoranta awa jaki?"

Baba bai ɗago ba. "Jakin da kas saya bara ba ka duba ba, shi yas sa kake tahiya ƙasa."

Aka yi ta dariya har yaran da ke cikin jirgi, don kowa ya san jakin ya mutu kafin damina.

In mun dawo gida, sabon kifi ba ya shiga akwati. Akwai kwatarniya a gefe, nan zai zauna kwanaki ana duba shi. Baba ya ce baƙo a zaure yake kwana sai an san halinsa, kana a shigar da shi cikin gida.

Kifi ɗaya ne yake saye ba don akwati ba. In ya ga karfasa mace ta ƙi cin dusa, bakinta a rufe, ƙasan haɓarta ya kumbura, to ƙwai ne ta ɗauka a baki. Haka suke yi. Uwar takan riƙe ƙwanta a baki, ba ci, har su ƙyanƙyashe, kuma ko bayan sun fito, in ta ga tsoro sai ta buɗe baki su koma. Irin wannan ko babba ce, ko an riga an yi cinikinta, Baba zai saye ta ya sa in shiga ruwa in sake ta. Waɗanda aka haifa a akwatinsa ma, in sun yi wayo, kogi ake mayar da yawancinsu. Yana cewa aro ne.

Rigimarsa da Baffa a kan akwatin ce, ko da yake ina jin ta girmi akwatin. Baffa ya bar ruwa tun yana saurayi, ya shiga kasuwa, ya koyi Larabcin da ba ka jin Hausa a cikinsa, yana sa farar jallabiya mai guga. Ya zo wata sallar layya ya tarar da yaran unguwa cike da rumfa suna kallon kifi. Ya kore su. Sannan ya ce wa yayansa, a gabana, abin da bai kamata ya faɗa a gaban suruki ba. Ya ce a kasuwar Sinnar ana tambayarsa ko gaskiya ne yayansa yana kiwon iskokin ruwa. Ya ce mutanen ƙasar nan da ma suna neman abin da za su faɗa a kanmu, ga shi an ba su a faranti. Ya ce shi ya sha wahala kafin a daina jin ƙarni a jikin sunan gidansu.

Baba ya ɗaga murya ranar, har tantabarun maƙwabta suka tashi. Ya ce ƙarnin nan shi ya ciyar da su, shi ya yi wa Baffa jarin riɗi. Ya ce wanda ke jin kunyar warin ubansa ya nemi wani uban a kasuwa. Baffa ya ɗauki takalmansa bai ci naman salla ba. Shekaru suka wuce, in ya zo gari a zaure yake tsayawa a gaisa, bai ƙara shiga rumfar ba. Baba bai taɓa cewa ya yi nadama ba. Amma duk kaka yakan sa in kai wa Baffa busasshen kifi, in ce daga Inna ne.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi nauyi a wurina. Mu a nan mutum ba ya haɗa ido da surukinsa. Ba ya ci a gabansa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka gaida shi kana kallon ƙasa, ka tashi. Mutum zai yi shekara talatin da uban matarsa bai san launin idonsa ba. Akwatin nan ya buɗe mana wata ƙofa. Shi yana kan gado yana kallon gilashi, ni ina tsugune ina kallon gilashi, babu mai kallon wani, sai magana ta riƙa fitowa. Lokacin da na yi faɗa da matata ta yi yaji ta dawo gidan, bai ce mini komai a kanta ba. Ya nuna mini wani namijin karfasa da ya haƙa rami a yashi yana korar duk wadda ta matso, ya ce namijin da ya cika kora, shi kaɗai ke kwana a raminsa. Na je biko da yamma.

Ɗanmu na fari ƙyanda ta ɗauke shi yana fara gudu. Ɗan fari ne, uba ba ya ko kiran sunansa, balle ya yi kuka a gaban mutane. Na karɓi gaisuwa da busasshen ido. Na koma gona. Yaron nan kullum yana jikin kakansa, yana manna hanci a gilashi har ya bar shaida. Wata la'asar Baba ya aiko a kira ni, ya ce kifi suna haki. Na zo na duba, lafiyarsu lau. Ya miƙo mini ludayi duk da haka, ya kori kowa daga rumfar.

"Zuba a hankali," ya ce. "Ba mai kallonka. Kihi muka kallo."

Na riƙa ɗiba ina kwararowa. Ƙarar ruwan ta rufe komai. Na yi kukan da ban yi a makabarta ba. Can na ji shi ma yana jan hanci a bayana. Ban juya ba har aka kira magariba. Shaidar hancin yaron ta daɗe a gilashin. Inna mai goge komai ba ta goge wurin ba.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Magana ta ƙarshe da ya yi mini, ya tambaya ko ruwan randa ya kwanta. Na ce ya kusa. Ya ce kar in yi gaggawa.

To, ga abin da ya faru a makokin. Rumfar da akwatin yake ita ce ta zama wurin zaman mata, don a ƙofar ɗakin Inna take, ita kuma ta shiga takaba. Namiji ba ya ratsa matan makoki in ba ɗan'uwan mamaci ba ne, balle mijin ɗiya. Ina waje wurin maza. Na aika wa matata cewa kar a ba kifi komai, a bar su haka. Amma wa zai hana? Tsohuwa ta taso tun daga Dindir a bayan mota, ta yi kukanta, ta juya ta ga dabbobin mamaci suna buɗe baki, ta gutsuri kisra ta jefa musu ta ce Allah Ya kai ladan kabarinsa. Ta bayanta ta gani ta yi. Wata ta zuba tuwo, wata shinkafar sadaka da mai a jiki. Ba wadda ta yi da mugunta. Sadaka suke yi wa marayu. Matata ta ce ta buɗe baki sau ɗaya, wata gwaggonta ta ce mata yau uban naki ya mutu har kin fara yi wa kifinsa rowa, sai ta ƙyale su.

Ta kuma faɗa mini wani abu. A rana ta biyu Baffa ya shigo gaida Inna, karonsa na farko a rumfar tun rigimar. Da zai fita ya tsaya gaban akwatin ya daɗe. Ya ce wa matata ruwan yana warin rigar ubansu. Sannan shi ma ya ɗauki gutsuren kisra a faranti ya jefa.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, aka naɗe tabarma, baƙi suka kama hanya, na yi sallama na shiga. Tun daga zaure na ji wari. Ruwan ya yi fari kamar an zuba nono. Kisra ta narke ta rufe yashi, mai yana yawo a sama. Karfasan nan da Baba ya zaɓa ɗaya-ɗaya da idonsa, ga su sun juya ciki sama, har babban namijin mai rami. Na tsaya da sanda a hannu na rasa wanda zan zaga. Da maƙiyi ne ya yi da na san abin yi.

A kusurwa na ga ɗaya tana motsi, ta kafa kai sama. Na jiƙa hannu, na tallabo ta da ƙwarya, na kai ta kwatarniyar baƙi, na zuba mata ruwan randa, wanda Baba ya tambaye ni ko ya kwanta. Ya kwanta garau. Wata tsohuwa da ba ta tafi ba ta ce ai wannan tun ranar farko ba ta ci komai ba, duk abin da aka jefa ba ta kula, ita ma takaba take yi. Na duba haɓarta. A kumbure take.

Ina tsugune Baffa ya shigo da wasu dangi biyu. Ya toshe hanci da gefen rawani, ya dubi akwatin, ya dubi matattun. Na ga fuskarsa ta canza, ina jin ya tuna gutsuren da ya jefa. Ya ce to, Allah ma Ya yanke hukunci, Ya hutar da ni. In kwashe in zubar, ita ma wannan in jefa ta kogi, gobe maƙeri ya zo ya ɗauki ƙarfen.

Bai rufe baki ba karfasar ta buɗe nata. 'Ya'yanta suka fito kamar an watsa baƙin gero a ruwa, ƙanana, ido ya fi jiki. Suka bazu a kwatarniyar. Baffa ya sunkuyo ya gani, inuwarsa ta faɗa kan ruwan, sai uwar ta ja baya ta buɗe baki, suka ruga suka koma ciki, ta rufe.

Daga bayan asabari muryar Inna ta fito, ƙasa-ƙasa, irin ta mai takaba. Ba da ni ta yi ba, ba da Baffa ba. Sai ta kira ɗiyarta.

"Ki ce ma Baffanki, in an zo rabon gado, a sa akwatin ga cikin tumunina. Da abin da ke cikin kwatarniya."

Baffa ya ce tsohon gilashin mota ne da kwalta, ba dukiya ba ce. Ya ce ita ce fa ta fi kowa zagin abin nan.

"Na zage shi," in ji Inna. "Watannin ga da zan zauna ɗaki, ina zan sa idona?"

Sai Baffa ya faɗi gaskiyar da kowa ya sani. Ya ce rabonta ne, ba mai hana ta. Amma abin nan ruwa yake ci. Ita ba ta fita, ba ta da ɗa namiji, kuma ba za a ɗora wa ɗan mutane wahala ba bayan mai sa shi ya tafi. Wa zai ɗebo?

"Ban roƙi kowa ruwa ba," ta ce.

Ba wanda ya dube ni. Matata ba ta dube ni ba, Baffa bai dube ni ba. Duka muna kallon kwatarniya. Ni kuma ba wurin maganata ba ne. Baffa ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara irin ta yayansa, ya ce a binne matattun kar a ba kyanwa, ya fita.

Allah Ya jiƙan Baba. Allah Ya yafe masa zafin bakinsa, Ya saka masa da abin da ya rufa mini. Ya shayar da shi daga ruwan da ba ya tsufa. Ya ba Inna haƙuri, Ya ba Baffa, Ya ba mu. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa a samu mai tsayawa a kan abin da muka bari, ko da abin dariya ne a wurin mutane.

Washegari bayan sallar asuba na kwashe ruɓaɓɓen ruwan, na wanke gilashin da yashi, ban sa sabulu ba. Kafaɗar tana ciwo tun kafin in taɓa sanda. Na ɗauki garwa biyu na sauka kogi. Mai ido ɗaya yana gyara raga a bakin jirgi, ya ce mai kihi ya tafi amma ɗan ga-ruwa bai ji labari ba. Na ce masa nan da kwanaki ya ajiye mini ƙanana, na birgi, ba waɗanda suka kwana a raga ba, kuma zan duba haƙoransu. Bai yi dariya ba. Ya ce to.

Na shiga har gwiwa, inda ruwa ke tafiya, na cika su. Na ɗora sandar a kafaɗa na kama hawa.